Hayaƙin Motata da Tarin Inna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sabi'u direba daga Kiru. Ina da tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal, da ita nake ɗauko masara daga Doguwa. Kullum da safe nakan kunna ta a ƙofar gida ta yi zafi, yadda ubangidana ya koya min, baƙin hayaƙin kuwa sai ɗakin mahaifiyata. Yanzu tari ya hana ta sakat. Wani bakanike ya ce nozar da ke fesa mai a inji ce ta lalace, wani ya ce in haɗa man da kananzir. Duk na yi, wallahi na gaji. Jiya Inna ta ce, "Je ka aikinka, na saba." Don Allah masu sauraro, me zan gyara? Ba na so ta saba.