Sunan Uba Da Ranshi

A tashar Sabuwa, motar Funtuwa ta ƙi cika. Hafiza, da jariri a goye, ta kasa zama. Ta hau, ta sauko, har ta dafa wata dattijuwa da ba ta taɓa gani ba.

"Hajiya, maigidana ya farka. Yanzu ƙanenshi ya bugo daga asibiti."

"Barci ya yi?"

"Babur ya kada shi, kai ya bugu. Tun ina da tsohon ciki yake kwance, ko ido bai buɗewa. Yau ya matse hannun ƙanen, ya ce, 'Ta sauka?' Ni ya fara tambaya fa, Hajiya."

"Alhamdulillahi. Zauna mana, ɗiyata, kin jijjige yaro. Mi sunanshi?"

Hafiza ta sunkuyar da kai tana dariya. "Ai ba ni iya faɗi. Sunan babanshi ne."

"Sunan uba, uban da ranshi? Mu dai sai an rasa mutum ake maida suna."

Dariyar ta tsaya. "Kawun maigidana ne ya ce tunda an fidda rai..."

"Ke ma kin fidda?"

"Ban dai ce a'a ba." Ta leƙa waje. "Direba, don Allah mu tafi mana."

"To in uban ya karɓi yaro ya tambayi suna fa?" in ji dattijuwar.

Hafiza ta gyara goyo, ta ƙara ɗaure zane.

"Ni bakina bai taɓa kama sunan nan ba, Hajiya. Kawun da ya raɗa, shi ya je ya faɗa mashi."