An Kai Wasan Nesa, Wata Ta Ciyar Min Da Ɗa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ce Maman Sadiq daga Woodbridge.

Ɗana yana buga wa kwalejinsu ƙwallon Amurka, bana ce shekararsa ta ƙarshe. Duk wasan da aka yi a filin makarantarsu, nakan soya masa tun asuba in tuƙa mota in je, in dawo kafin dare. Sai ga babban wasansu da abokan hamayya, aka ce ba gidan kowa za a yi ba, an kai shi wani gari mai nisa, wai don adalci. Maigida yana kan hanya da babbar mota, ni kuma ba na tafiyar kwana ba muharrami. Na zauna a gida.

Maƙwabciyata Maman Joshua, 'yar Jos, ɗanta yana ƙungiyar. Ta hau jirgi ta je. Bayan wasa ta turo min bidiyo, ga Sadiq da kwanon shinkafarta yana dariya, yana cewa, “Mama, kin cece ni yau!” Wallahi sai na ji ƙirjina ya yi zafi. Na yi ta istigfari, bai sauka ba.

Jama'a, wane irin adalci ne a ɗauke wasa daga inda iyaye ke iya zuwa? Kuma ku ba ni shawara. Matar nan alheri ta yi min, amma har yau na kasa kiranta in ce na gode.