Alhajin Da Ya Ja Rigar Babana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ɗan limami ne a Fagge. Da tsufa ya kama Baba, karatu ya fara kufce masa. Ran nan an tayar da sallar magariba, wani Alhaji mai shago a Sabon Gari ya ja rigarsa ta baya, ya ce, "Malam, koma sahu, ka gaji." Baba bai sake taka masallacin ba har ya rasu.

Yau ni ne limamin. Alhajin yana kwance ba lafiya, ya aiko wai in ya mutu ni zan sallace shi. Wallahi so nake a ajiye gawar, in koma sahu.

Ku ba ni shawara. Amma wanda bai ga Baba yana laluben takalmansa ranar ba, kada ya ce min in yi haƙuri.