Hannun Jari Ɗaya da Kwalbar Ruwa

A tashar bas ta Sudbury, wata tsohuwa na zaune rungume da kwalbar ruwa mai launin tsatsa. Magidancin da ke gefenta ya daɗe yana satar kallonta.

"Iya, don Allah ba ke ce kika miƙe a taron kamfanin ma'adinan nan a Toronto ba?"

"Ni ce, ɗana. Hannun jari ɗaya tak na saya. Ai mai guda ɗaya ma yana da bakin magana a taron shekara."

"Wallahi ban taɓa ganin irin haka ba! Manya kusan ɗari uku cikin kwat, ke kuwa da takalmin ƙanƙara kika taka har gaban shugaba."

"Na ce masa ga ruwan rijiyarmu, tunda rahotonku ya ce lafiyarsa ƙalau, kurɓa mu gani."

"Kuma bai sha ba."

"Ina fa! Sai murza alƙalami yake. Abin da ya ɗaure mini kai, minti biyu aka ba ni, na yi tara ba a katse ni ba. Na ce lallai mai kula da makirufon nan barci yake, ragon banza."

Mutumin ya yi dariya, ya sunkuyar da kai.

"Ba barci nake ba, Iya. Sau uku aka yi mini alama in kashe."

"Kai ne? To me kake yi a nan da akwati ranar aiki?"

"Sun sallame ni. Wurin mahaifiyata zan koma. Ita ma irin ruwan nan take sha."