Kujerar Gaba Zuwa Bida

Magdalene ta yi rashin kunya a tashar motocin zuwa Bida. Tana sanye da zanen Zumuntar Mata ta coci, ta ture jakar da wani dattijo ya kama kujerar gaba da ita, ta zauna.

"'Yata, jakata ta riga ki," in ji dattijon.

"Baba, jaka ba mutum ba ce. Taron addu'a zan je jagoranta."

"Shekararki nawa a zumunta?"

"Ashirin da biyu! Sau uku na sauke Littafi Mai Tsarki, kuma duk Laraba ina azumi."

"Madalla. Ni shekara arba'in ke nan ina fama da wuri ɗaya a cikin Littafin, inda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa."

"To, Baba, ka ƙara himma. Girma cikin Ubangiji ba aikin raggo ba ne."

"Zan ƙara, 'yata," ya ce da dariya, ya shiga baya.

Mutum biyu direba ke sawa a gaba. Ya kawo wata ƙatuwar mai sayar da kifi, da kwandonta. A kan birkin hannu Magdalene ta zauna har Bida.