Karya Mai Komawa Tsohon Gida

A bakin ruwan Yelwa, lokacin da madatsar Kainji ta tashi mutanen tsibirai, wani saurayi ya dubi wani dattijo daga cikinsu da ke riƙe da karya.

"Baba, ina za a kai ta?"

"Wurin likitan dabbobi, ya cire mata mahaifa. Wai kuɗin akuya sukutum!"

"A kan karya? Ɗaure ta mana!"

"Tsinkewa take. In haihuwa ta matso, sai ta yi iyo ta koma kangon gidanmu, ga ruwa na cinye shi. Jiya can na ɗauko ta."

"Wa ya ce maka tana can?"

"Ba kowa. Ita ta iske ni zaune a can."

"To Baba, kai kuma wane likita za mu kai ka?"