Malam Bunu da Ramin Tsakiyar Gari

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamanin Dagaci, Allah gafarta Liman, iyalan marigayi, jama'ar Tudun Baƙo da baƙinmu na Haɗeja, sannunku da haƙuri.

Malam Bunu ya kasance malamin labarin ƙasa a firamarenmu tun kafin a ba mu mulkin kai. Ya kasance mai faɗa, wannan ko ɗalibansa da ke kuka a nan ba za su musa ba. Ya kasance, a ƙarshen rayuwarsa, mutum mai tsoron abu guda.

Kun tuna hoton da ya yanko daga mujalla, wanda 'yan sama-jannati suka ɗauko daga can sama. Tsibiran murjani ne a tsakiyar teku, kowanne kamar awarwaro, ruwa a waje, ruwa a ciki. Ya ce da can dutse ne a tsakiya, ya yi ta nutsewa a hankali, gefen kawai ya rage.

Ranar gayyar jinga, muna haƙo ƙasa daga kududdufin tsakiyar gari muna tare kogi da ita yadda muka gada, ya zo ya ɗaga mana hoton. Ya ce, "Kai, ku dubi garinku! Kuna tare ruwa ta waje, kuna yi masa ɗaki a ciki." Inuwa magini ya ce, "Malam, mu da teku ai sai a takarda." Kuɗi sun shigo ƙasa, kowa na son sabon ɗaki, ramin ya ci gaba da ƙara faɗi har ya iso bayan gidan Malam.

Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin damina. Jiya na leƙa ramin, jama'a, ruwan ya ƙaru, alhali ko yayyafi ba a yi ba. Kogi ne ke shigowa ta ƙarƙashinmu, kuma wallahi na ji tsoro.

Yaya Mairam, na san kina ji daga ciki. Kin ce ba za ki bar ɗakin mijinki ba sai kin fita takaba. Bangon ɗakin nan ya tsage tun daga tushe. Allah gafarta Liman, ka gaya mata da bakinka cewa larura ta halatta ta ƙarasa a gidan ƙanenta a garin Malam Madori. Takabarta za ta kai kaka, bangon ba zai kai ba.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa. Allah kada ka sake tara mu a ƙofar gidan nan a bana. Amin.